Annobar Rawa a Turai: Daga Aachen Zuwa Strasbourg

Annobar rawa wata masifa ce da ta riƙa afka wa garuruwan Turai, musamman na bakin kogin Rhine da rassansa, daga ƙarni na 14 zuwa na 17. Yadda take somawa shi ne mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan su kama rawa a bainar jama'a, ba kiɗa ba biki, kuma su kasa dainawa. Kafin a ankara wasu sun shiga, goma ta zama hamsin, hamsin ta zama ɗaruruwa. A wuni ana tsalle a kwana ana tsalle, har ƙafafu su kumbura su fashe. Mutum ya yanke jiki ya faɗi sumamme, da ya farfaɗo ya miƙe ya ɗora daga inda ya tsaya. Waɗanda suka gani da idonsu suka rubuta sun haɗu a kan magana ɗaya, cewa babu alamar nishaɗi a fuskokin masu rawar. Kuka suke yi, suna kururuwa, suna roƙon a cece su.

Labaran farko da aka samu a rubuce sun cakuɗe da almara. Akwai na ƙauyen Kölbigk da ke ƙasar Jamus ta yau, inda aka ce a daren Kirsimeti na shekarar 1021 wasu mutum 18 suka kama rawa a harabar coci ana tsakiyar ibada. Limamin cocin ya hana su, suka ƙi ji, sai ya yi musu baki cewa su shekara suna rawar. Masana tarihi suna ɗaukar wannan a matsayin labarin wa'azi, amma yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa tun a wancan zamani mutanen yankin sun yarda ana iya tsine wa mutum da rawa. Sai kuma na shekarar 1237, da aka ce yara masu yawa sun fita daga garin Erfurt suna tsalle-tsalle har Arnstadt, tafiyar kusan kilomita 20.

Babbar ɓarkewar da babu shakka a kanta ita ce ta 1374, kuma ba a fahimtar ta sai an duba halin da Turai take ciki a shekarun da suka gabace ta. A ƙarshen 1347 jiragen ruwan 'yan kasuwa suka kawo annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa zuwa tsibirin Sicily. Cikin shekara huɗu ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen nahiyar. Babu wanda ya san cewa ƙwayar cuta ce da ƙuma ke ɗaukowa daga jikin ɓeraye, don haka tsoro ya nemi inda zai sauka. Wasu suka ɗora laifin a kan zunubansu. Ƙungiyoyin masu tuba suka riƙa bin gari-gari a jere, tsirara daga ƙugu zuwa sama, suna tsula wa kansu bulala mai ƙusoshi har jini ya kwarara, suna neman Ubangiji ya ɗauke fushinsa. Abin ya yi ƙamari har Fafaroma Clement na Shida ya haramta shi a watan Oktoban 1349. Wasu kuma suka ɗora laifin a kan maƙwabtansu. Aka baza jita-jitar cewa Yahudawa ne ke zuba guba a rijiyoyi, kuma ranar 14 ga Fabrairun 1349 mutanen Strasbourg suka ƙone ɗaruruwan Yahudawan garin da ransu, tun annobar ba ta ma iso garin ba. Wannan kisa yana cikin mafi munin abubuwan da ruɗewar jama'a ta haifar a wancan zamani, kuma ya fi rawar da ta biyo baya ɓarna nesa ba kusa ba.

Baƙar Mutuwa ba ta tafi gaba ɗaya ba, ta yi ta dawowa bayan 'yan shekaru. A farkon 1374 kuma kogin Rhine ya yi mummunar ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje. Da bazarar wannan shekara aka fara ganin masu rawa a titunan Aachen. Daga nan abin ya bi hanyoyin fatake da na masu ziyarar ibada ya isa Liège da Maastricht da Tongeren da Utrecht, ya kai Kolon da Metz. Marubutan tarihin garuruwan sun ce a Kolon masu rawar sun haura 500, a Metz kuwa an ambaci 1,100. Irin waɗannan alƙaluma na tsofaffin littattafai ana karɓar su ne da taka-tsantsan, amma ko an rage rabi, taron ya isa ya tsayar da harkokin gari.

Bayanin da aka bari game da su yana da ban tausayi. Maza da mata suna riƙe da hannun juna a da'ira, suna juyi na sa'o'i. Wasu daga baya sun ce ji suka yi kamar suna nutsewa cikin kogin jini, shi ya sa suke tsalle sama. Wasu sun ce sun ga sama ta buɗe. Idan suka faɗi sai su yi ta kukan ciki ya kumbura, a ɗaure musu ciki tamau da ƙyalle, wani lokaci ma a sa sanda a murɗa ƙyallen don ya ƙara matsewa. An kuma ruwaito cewa ganin jan launi yana tayar musu da hankali, haka ma takalma masu tsinin baki da ake yayi a lokacin. Malaman coci a Liège sun yanke cewa shaiɗanu ne suka shige su, suka duƙufa da addu'o'in fitar da su. Bayan 'yan watanni abin ya lafa.

A tsakanin talakawa kuwa wata fahimta ce ta kafu, wadda ta ɗaure ciwon da sunayen bayin Allah biyu da Kiristocin yankin ke girmamawa. Na farko shi ne Yahaya Mai Baftisma, wato Annabi Yahaya, wanda ake bikin haihuwarsa ranar 24 ga Yuni. Na biyu shi ne Waliyyi Vitus, wani yaro ɗan Sicily da aka ce an kashe shi saboda addininsa a farkon ƙarni na 4, ana kuma tunawa da shi ranar 15 ga Yuni. A aƙidar mutanen wancan zamani, waliyyin da ke warkar da ciwo shi ne kuma ke iya saukar da shi a kan wanda ya saɓa masa. Vitus shi ne majiɓincin masu farfaɗiya da masu karkarwar jiki, saboda haka aka yarda cewa in ya yi fushi yakan tilasta wa mutum rawa. Har zagi ya zama a bakin mutanen yankin, mutum ya ce wa abokin faɗansa Allah ya haɗa shi da Vitus.

Ɓarkewar da aka fi sani dalla-dalla ita ce ta Strasbourg a 1518. Garin yana cikin Faransa a yau, amma a lokacin birni ne mai cin gashin kansa a ƙarƙashin daular Jamusawa, da mutane kimanin 20,000. Dalilin da ya sa aka san labarin sosai shi ne garin yana da majalisa mai ajiye rubutu, kuma sakatarenta shi ne Sebastian Brant, shahararren marubucin da ya wallafa littafin Jirgin Wawaye a 1494. Akwai bayanan majalisa, da umarnin da ta bayar, da littattafan tarihin garin. Don haka babu mai musun cewa abin ya faru.

Shekarun da suka gabata sun gallabi talakawan yankin Alsace, inda Strasbourg take. Sanyi mai tsanani da ƙanƙara da fari sun lalata amfanin gona a jere, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo, a 1517 yunwa ta kashe mutane da yawa. Agana da kuturta suna nan, ga sabon ciwon tunjere da ya shigo tun wajen 1495 yana cin naman mutane. Manoma sun nutse cikin bashi, kuma wasu daga cikin masu bin su bashin gidajen ibada ne masu rumbuna cike da hatsi. Babban mai wa'azin garin, Geiler von Kaysersberg, wanda ya rasu a 1510, ya shafe fiye da shekara talatin yana caccakar malaman coci kan kwaɗayi da lalacewa. Manoma sun yi ta ƙulla tawaye a ɓoye, na ƙarshe a 1517 a ƙarƙashin wani mai suna Joss Fritz, kuma kowanne an murƙushe shi tun bai kai ko'ina ba. Talaka ya duba gona babu, ya duba masu mulki babu, waɗanda kuma ya dogara da su su roƙa masa gafara ya daina amincewa da su.

A tsakiyar watan Yulin 1518 wata mata ta fito ƙofar gidanta ta kama rawa. Rubuce-rubucen baya sun kira ta Frau Troffea. Ta wuni tana yi har ta faɗi don gajiya, ta ɗan runtsa, ta tashi ta ci gaba a kan ƙafafun da suka riga suka kumbura. Jama'a suka taru suna kallo. Bayan kwanaki hukuma ta sa aka ɗauke ta a keken doki zuwa wurin ziyarar Waliyyi Vitus da ke kusa da Saverne, tafiyar kimanin kilomita 40. Sai dai aikin gama ya gama. Cikin mako guda masu rawar sun haura 30, kuma wasu littattafan tarihin garin sun ce kafin ƙarshen Agusta sun kai 400.

Majalisa ta tuntuɓi likitocin garin. Su kuwa suka ce ba aikin taurari ba ne, ba kuma na shaiɗanu ba, ciwo ne na jiki da zafin jini ke kawowa. Wannan ya dace da ilimin likitancin zamanin, wanda aka gada daga tsohon likita Galen ta hannun likitocin Musulmi irin su Ibn Sina, mai cewa lafiya tana tsayawa ne a kan daidaiton ruwaye huɗu na jiki. Maganin da aka tsayar shi ne a bar su su yi ta rawa har zafin ya fita. Aka buɗe musu zaurukan ƙungiyoyin masu sana'a guda biyu da kasuwar hatsi, aka kafa dandamali na katako, aka ɗauko makaɗa da masu busa da kuɗin hukuma. Aka kuma ɗauki ƙarfafan maza aiki, su riƙa tallafe duk wanda ya nemi faɗuwa don kada ya tsaya.

Wannan shawara ita ce ta ƙara rura wutar. An ɗauki abin da ya fi tsorata mutane an ɗora shi a kan dandamali a tsakiyar kasuwa, ga ganga na tashi dare da rana. Duk wanda ya fito cefane da yunwa a cikinsa da fargabar fushin Vitus a zuciyarsa, sai ya tarar da shaidar fushin a gabansa. Masu rawa suka ƙaru. Wani littafin tarihi ya ce a tsananin abin mutum 15 ke mutuwa a rana, amma bayanan majalisar garin na lokacin ba su ambaci mace-mace ba, don haka masana sun rabu a kan adadin. Abin da hankali zai ɗauka shi ne wanda yunwa ta riga ta raunana, ya kwana uku yana tsalle cikin zafin bazara, yana iya rasa ransa.

Da majalisa ta ga abin ya faskara sai ta juya akalarta gaba ɗaya, ta koma ga fahimtar talakawa. Aka rushe dandamalin, aka hana kiɗa da rawa a fili har zuwa ƙarshen Satumba, aka kori karuwai da 'yan caca daga gari don neman sassaucin Ubangiji. Masu rawar kuma aka loda su a kekunan doki zuwa Saverne, inda wurin ziyarar Vitus yake a cikin wani kogo a gefen dutse. A can aka yi musu addu'a, aka ba kowa ɗan ƙaramin gicciye, aka sanya wa ƙafafunsu masu jini jajayen takalma da aka yayyafa wa ruwan tsarki aka shafa wa mai, aka zagaya da su wurin ibadar. A farkon Satumba annobar ta mutu. Mutanen da suka yi imani waliyyi ne ya kama su sun sami sauƙi lokacin da suka gamsu cewa waliyyin ya huce.

Tun daga lokacin ake ta neman dalili. Likita Paracelsus, wanda ya zo Strasbourg a 1526, ya ƙi yarda cewa waliyyai na saukar da cuta, ya ce tunani da abin da ido ya gani suna iya rinjayar jiki. A nan ya yi hangen nesa. Amma ya ɓata maganarsa da zargin cewa matar farko ta ƙirƙiri rawar ne don ta kunyata mijinta, zargin da ba shi da wata hujja sai ƙyamar mata. A 1832 wani likitan Berlin, Justus Hecker, ya tattara tsofaffin labaran a littafi guda, kuma yawancin abin da ake maimaitawa a yau daga wurinsa aka samo.

Bayanin da ya fi yaɗuwa a zamanin nan shi ne na guba a abinci. Akwai wani hatsi dangin alkama da ake kira rai, wanda talakawan Turai ke yin burodi da shi. A shekarar damina mai yawa wata cuta takan kama zangarniyarsa ta mai da ƙwayar baƙa, kamar yadda burtuntuna ke yi wa dawa. Wanda ya ci wannan baƙar ƙwaya yana iya samun fizge-fizge da gane-gane, kuma daga sinadarinta ne aka haɗa ƙwayar maye ta LSD a 1938. Sai dai wannan bayani yana da rauni babba. Gubar tana matse jijiyoyin jini, ta hana jini isa hannu da ƙafa har su ruɓe, kuma wanda ke cikin wannan hali ba zai iya kwanaki yana rawa ba. Mutanen zamanin ma sun san wannan ciwo sarai, suna kiransa Wutar Waliyyi Anthony, ba su kuma taɓa rikita shi da rawar Vitus ba. Akwai kuma masu cewa 'yan wata ɗariƙa ce ta ɓoye ke ibadarsu, amma cocin da ke farautar 'yan bidi'a ba sassauci ta ɗauki masu rawar a matsayin marasa lafiya, ba ta gurfanar da su ba.

Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne wanda masanin tarihi John Waller ya kare a littafinsa na 2008 kan abin da ya faru a Strasbourg. Matsananciyar damuwa da ta daɗe tana cin mutum tana iya jefa shi cikin wani hali na gushewar hayyaci, inda ba ya jin gajiya da zafi kamar yadda ya saba. Abin da jikinsa zai yi a wannan hali kuwa yana bin abin da al'ummarsa ta koya masa ya ji tsoro. Hujja mafi ƙarfi a nan ita ce taswira: kusan duk ɓarkewar ta faru ne a yankin da aka yi imani da tsinuwar rawa, kuma galibi bayan shekarun wahala. Likitan ƙwaƙwalwa Simon Wessely ya raba irin wannan ciwo na taro gida biyu a 1987. Akwai mai zuwa farat ɗaya saboda firgici, da suma da jiri da amai, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma mai tasowa sannu a hankali daga matsin da ya daɗe, yana bayyana da karkarwa da fizge-fizge, yana ɗaukar makonni ko watanni. Rawar Strasbourg tana cikin na biyun. Masu ciwon ba ƙarya suke yi ba, kuma ba mahaukata ba ne. Azabar da suke ji ta gaske ce.

Irin wannan bai tsaya a Turai ta da ba. A kudancin Italiya an daɗe da al'adar waɗanda ke cewa gizo-gizo ya cije su, ba sa warkewa sai an yi musu kiɗa sun yi rawa, kuma masani Ernesto de Martino ya tarar da ragowarta a yankin Salento a 1959, yawanci a tsakanin matan karkara matalauta. A 1962 dariya da kuka marasa tsayawa sun kama ɗalibai 95 cikin 159 a wata makarantar 'yan mata ta kwana a Kashasha, ƙasar Tanganyika, har aka rufe makarantar. A arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar ma an sha ganin ɗalibai mata suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a makarantu, abin da jama'a ke dangantawa da aljanu. Ko ma wace fassara aka ba shi, abin da likitoci suka lura shi ne yakan lafa idan aka raba waɗanda abin ya shafa da 'yan kallo, aka kwantar da hankalin sauran, aka kuma duba matsin da suke ciki. Majalisar Strasbourg ta yi akasin haka a makonnin farko.

Annobar rawa ta ja baya ne tare da aƙidar da ke ciyar da ita. A 1517 Martin Luther ya fara ƙalubalantar cocin Roma, kuma cikin 'yan shekaru Strasbourg ta bi sabuwar tafiyar, wadda ta yi watsi da neman taimakon waliyyai. A 1529 garin ya soke babbar ibadar Katolika, kuma ba a sake ganin annobar rawa a titunansa ba. A wasu wurare abin ya rikiɗe ya zama ziyarar shekara-shekara, inda masu jin alamun ciwon ke zuwa wurin ibada a watan Yuni su yi rawa su koma gida. Wani zane da ake jingina wa Pieter Bruegel na 1564 ya nuna irin waɗannan mata a Molenbeek kusa da Brussels, kowace maza biyu na riƙe da ita, masu busa na biye. Zuwa tsakiyar ƙarni na 17 labaran ɓarkewar sun ɗauke. Sunan rawar Vitus ya saura a littattafan likita, domin a 1686 Thomas Sydenham ya yi amfani da shi ga wani ciwon karkarwa na yara wanda ba shi da alaƙa da wancan. A garin Echternach na ƙasar Luxembourg kuma har yau dubban mutane suna jerin gwanon tsalle zuwa kabarin Waliyyi Willibrord kowace Talata bayan idin Fentikos, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2010.